Namijin Barewar Da Ba Ya Fitowa Sai Tsakar Dare

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, shekara 3 ke nan ina farautar barewar nan mai farar wutsiya da kwari da baka. Kyamarar da na ɗaura a jikin bishiya a bakin gonar waken soya tana nuna mini wani ƙaton namiji, amma kullum tsakar dare yake wucewa. Da rana mata da ƙanana kawai nake gani. Ina kuskurena yake?

Amsa: Ɗan'uwa, kuskurenka na farko shi ne wurin da kake zama. Hoton ƙarfe 1 na dare a bakin gona yana gaya maka cewa makwancinsa na da nisa, ko kuma ya riga ya san da kai. Namijin da ya kai shekara 4 ko 5 ya tsallake kakar farauta da dama, ya koyi kwanciya cikin duhuwa har duhu ya rufa. Doka kuma a Ohio ba ta yarda ka harba ba bayan minti 30 da faɗuwar rana. Sai ka ja da baya, ka nemi hanyar da ke tsakanin makwanci da gona, inda yake tsayawa jiran magariba.

Da hancinsa yake kare kansa. Idonsa bai cika bambanta ja ko ruwan lemo daga kore ba, shi ya sa rigar ruwan lemo da ake wajabta wa maharba a lokacin farauta da bindiga ba ta tona su, ko da yake shuɗi yana ganinsa sarai, don haka bar wandon jins a gida. Amma warin ɗan'adam ba ya yafe shi. Ni ban yarda da sabulu da feshin da ake tallatawa wai suna ɓoye wari ba, sai dai su rage. Abin dogaro shi ne iska ta taso daga wajensa zuwa gare ka. A ƙasa mai tudu akwai ƙarin dabara: da safe in rana ta ɗumama ƙasa iska na hawa sama, da yamma in sanyi ya sauka sai ta gangaro kwari. Ranar da iska ba ta dace da bishiyar da kake hawa ka yi kwanto a kanta ba, ka haƙura ka zauna gida. Hanyar da kake bi ka shiga ma lissafi ce, in ka ratsa ta inda suke kiwo da asuba ka gama sanar da kowa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar bangon wannan dabba lokacin barbara ne. Gajartar yini ce ke tayar da shi, ba sanyi ko farin wata ba, shi ya sa a yankinku kowace shekara yake faɗowa a Nuwamba, mafi zafinsa daga farkon watan zuwa tsakiyarsa. (A kudancin Texas sai Disamba, kada ka kwafi kalandar mutanen can.) Tun Satumba mazan da suka yi bazara tare suke watsewa. Za ka ga sun goge ɓawon ƙananan bishiyoyi da ƙaho, sun kuma tone ƙasa da kofato a ƙarƙashin wani reshe mai saukowa, suna lasar reshen, suna fitsari a wurin. Saƙo ne suke bar wa juna. Sai dai akasarin ziyarar waɗannan wurare da dare ake yin ta, don haka kada ka ƙare kakar farautarka a kan wurin tonon da ke fili. Na cikin duhuwa ya fi amfani, musamman a ƙarshen Oktoba.

Yanzu ga matan nan da kake rainawa. Mace tana karɓar namiji na kusan awa 24 kacal, shi kuwa yana ta yawo daga makwancin mata zuwa wani yana shinshina, har cin abinci yake mantawa, yakan rame ƙwarai kafin watan ya ƙare. Wannan yawo ne ke fito da shi da rana tsaka. Ka san inda matan suke kwana, ka zauna ta gefen da iska ke kai warinsu, domin ta nan yake bi ya duba su ba tare da ya shiga ba. In akwai siririn daji da ya haɗa manyan dazuzzuka biyu, ko mashigi tsakanin rafi da shinge, nan ne wurin kwanton ɓauna. Ka tafi da guzuri ka wuni. Maharba da yawa suna sauka daga bishiya ƙarfe 10 na safe, daidai lokacin da yake tashi. Ka kuma ɗaura ɗamarar tsaro mai riƙe ka a jikin bishiya tun daga ƙasa, faɗowa daga bishiya na cikin manyan haɗurran wannan farauta.

In Nuwamba ta wuce ba ka dace ba, kakar farauta da baka a Ohio tana kaiwa farkon Fabrairu. Macen da ba ta ɗauki ciki ba tana sake nema bayan kwana 28 ko kusa da haka. Daga nan kuma yunwa ce ke jan shi, sai ka koma kusa da ragowar masara ko wake, ka jira shi da yammacin ranar da sanyi ya tsananta.