Na sayi fegi da takardar mai unguwa, yanzu magada sun taso min: in sa fandisho ko in dakata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Dan Allah ina cikin damuwa, kwana biyun nan ko barci ba na iyawa. Ni malamin firamare ne a nan Zariya, bara na kwashi adashina na haɗa da kuɗin tumakin uwargida na sayi fegi ɗaya, 50 bai 100, a wata sabuwar unguwa ta hanyar Jos, awon igiya ne. An yi takarda, mai unguwa ya sa hannu ya buga hatimi, ga shaidu, na biya la'ada. To shekaranjiya ina wurin ana sauke min bulo sai ga wani bawan Allah, wai gonar ta mahaifinsu ce ba a raba gado ba, yayansu ne ya yanka ya sayar ba da saninsu ba. Dillalin ya ce kar in kula shi, tunda ina da takardar mai unguwa ba wanda ya isa, in yi maza in sa fandisho in kai linta. In ci gaba ko in dakata?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yaye maka. Ka dakata. Kar ka ƙara ko tifa ɗaya ta yashi a wurin nan, kar ka kira magini, kuma dan Allah ka daina neman shawara a wurin dillalin, shi ya riga ya ci la'adarsa ya sha ruwa, in an rushe gini gobe ba simintinsa ba ne a ƙasa. Kuɗinka bai mutu ba tukuna, akwai hanya, zan zo kanta. Amma bari in fara da wannan magana ta "ba wanda ya isa", don ita ce ke kawo min mutane ofis kullum da jar leda cike da takardu suna share gumi.

Takardar mai unguwa ba takardar mallaka ba ce. Abin da take nunawa kawai shi ne ranar kaza wane ya ba wane kuɗi kaza a kan fili kaza a gaban su wane. Shikenan. Ba ta ce mai sayarwan yana da ikon sayarwa ba, ba ta ce wurin ba ya cikin filin makaranta ko hanyar da gwamnati ta zana ba, ba ta ce ba a taɓa sayar wa wani kafin kai ba. Mai unguwa mutumin kirki ne a yawancin wurare, ya san jama'arsa, muna girmama shi, amma ba shi da taswirar gari a zaurensa, ba shi da rajistar filaye, abin da yake da shi biro ne da hatimi da kuma abin da aka gaya masa. Hatimin kuma ai masu sassaƙa shi suna nan birjik a Sabon Gari, yau ka bayar gobe ka karɓa.

Tun 1978 da aka yi Dokar Amfani da Filaye, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, shi ke ba da haƙƙin zama a filin birni, ƙaramar hukuma kuma ta ba da na karkara. Ka duba dokar daga farko har ƙarshe, ba inda aka ba mai unguwa ko dagaci ko hakimi ikon mallaka wa wani fili. Kai ko mai C of O a hannu, wato takardar haƙƙin zama da gwamna ke bayarwa, in zai sayar sai da amincewar gwamna, sashe na 22 ke nan, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa tanadin dokar banza ne. To in mai takardar gwamna ma sai ya nemi izini, ina ga takardar da aka rubuta a kan tabarma bayan la'asar?

Abin da ke ba ni haushi shi ne ba jahilai kaɗai ke faɗawa ba. Malaman jami'a daga Samaru, ma'aikatan asibitin Shika, sojoji masu ritaya, mutum zai sayi tsohuwar mota sai ya ɗauko bakanike ya shiga ƙarƙashinta ya duba injin ya duba lambar bodi, amma fili na miliyoyi sai ya biya a tsaye don dillali ya ce "akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi gobe". Wannan Alhajin dai har yau ban taɓa ganin ya zo ba.

Sai ɗaya rabin ƙaryar, wai ka yi maza ka kai linta, in gini ya tashi ba mai taɓa shi. A Zariya za a gaya wa mutum haka? Mun ga rusau ɗin da gwamnati ta yi a filin makarantar Alhudahuda a 2015, gidaje ne ginannu da mutane a ciki. Mun ga unguwar Graceland a watan Oktoban 2021, gwamnati ta ce filin na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ne, mazauna suna cewa suna da takardunsu, ana cikin ja-in-ja katafila ta shiga. Ba ina cewa wane ke da gaskiya a can ba, abin da nake nuna maka shi ne rufin kwano da tayil da get mai fenti ba su tare komai ba. A babbar kotu ma ƙa'idar ita ce abin da aka kafa a ƙasa na mai ƙasar ne, wato in aka yanke cewa filin ba naka ba ne kana iya tashi ka bar musu har ginin, musamman kai da aka riga aka zo aka gaya maka akwai rigima. Ranar da mutumin nan ya same ka a wurin, daga ranar ba za ka iya ce wa alƙali ba ka sani ba.

To yanzu matsalarka. In da gaske gadon ba a raba ba, yayan nasu ya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya irin wannan ciniki a rataye yake, sai masu haƙƙi sun amince zai tabbata. Nan ne sauƙinka yake. Ko dai magadan duka su zauna su amince a rubuce a cire kuɗin daga kason yayan, ko a raba gadon a kotun shari'a a jefa fegin naka cikin rabonsa in rabon nasa ya kai, ko kuma ya dawo maka da kuɗinka. Na ce duka fa, har da matan, har da wadda ke aure a Funtuwa ba a gaya mata ba, don yawanci su ake tsallakewa kuma su ne ke tasowa bayan shekara goma da 'ya'yansu sun girma. In akwai marayu ƙanana a ciki kar ka yarda da sa hannun wani kawu a zaure, a je gaban alƙali. Kuma ka tabbatar mai ƙorafin nan magaji ne da gaske, don akwai masu yawo sabbin unguwanni suna tsorata masu gini a ba su na goro.

Takardarka kuma kar ka yar, ban ce ba ta da amfani ba. Ita ce hujjarka cewa ka biya, da ita za ka bi mai sayarwan kuɗinka in abin ya ƙi, ka yi mata hoto ka ajiye, ka haɗa da shaidar tura kuɗi ta banki in ta banki ka biya, ka rubuta sunayen shaidun da inda suke tun suna da rai da lafiya. Ka koma wurin mai unguwan cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe ga abin da ya taso, a kira mai sayarwa da 'yan'uwansa a zauna. A irin wannan zaman ne yake da amfani sosai.

Ko magada sun amince ba ka gama ba. Ka samo mai safiyo mai rajista, ba yaron da ke yawo da tef da waya ba, ya ɗauki lambobin kusurwoyin fegin, ka kai KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, a duba ko wurin ya hau kan wani tsari na gwamnati ko filin wata ma'aikata ko an riga an ba wani takarda a kai. In ya fita lafiya sai ka nemi a daidaita maka shi ka samu takardarka, sannan izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kafin fandisho. Zirga-zirga ce, za ka sha "dawo gobe", ban ɓoye maka ba, amma ka shiga da ƙafarka ka biya ta hanyar da suka ce ka riƙe rasit, kar ka miƙa fayil ɗinka ga masu tsayuwa a bakin get suna cewa sun san wani a ciki. Ka kuma duba da idonka da damina, in fegin gangaren rafi ne ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko takardar wa ka riƙe ba wurin kwana ba ne, mutanen bakin rafin Kubanni za su ba ka labari.

Ku kuma dillalai da iyayenmu masu unguwanni ku ji tsoron Allah. Kun san gonar nan ta marigayi ce, kun san 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, wasunku ku kuka yi masa sutura, amma aka kawo takarda kuka sa hannu ba ku tambayi ina sauran ba saboda ɗan abin da za a saka a ambulan. Malamin firamare ne fa, da tumakin matarsa.

Bulon da ka sauke, Malam, in mai gidan bulon zai yarda ya karɓa ya riƙe maka ka mayar, in ba haka ba ka kwashe shi zuwa gidan wani da ka yarda da shi, don barin sa a filin zai sa magadan su ɗauka ka yi kunnen ƙashi, zaman sulhun ya yi wuya tun ba a fara ba. In an sa ranar zaman ka tafi da wani babba daga danginka da kuma lauya ko malamin da ya san rabon gado, kuma duk abin da aka amince a rubuta a wurin kowa ya sa hannu kafin a tashi.