Me mabiya Buddha ke yi in sun zauna shiru?

Tambaya: Dan Allah zaman nan da mabiya Buddha ke yi ido rufe, bacci ne ko me?

Amsa: Ba bacci ba ne ɗan'uwa. Numfashi suke bi, shigarsa da fitarsa a bakin hanci, in hankali ya gudu su jawo shi, haka dai har zuciya ta lafa, daga nan su zuba wa duk abin da ya taso ido, ciwon gwiwa ne ko fushi, su ga yadda yake zuwa ya wuce. Siddhartha Gautama, wato shi Buddha ɗin, wanda suka ce ya samu farkawar zuciya ƙarƙashin bishiya a Bodh Gaya ta Indiya, ya koyar cewa kwaɗayi ne tushen wahala, kuma akwai hanyar fita mai rassa 8. Zaman fa ba wasa ba, minti 10 ma aiki ne.