Tambaya da Amsa: Nawa Daɓen Kankare Mai Sheƙi Yake Ci?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina gini a Millennium City a Kaduna, ɗaki uku da falo. An rufa kwano, saura daɓe. Na shiga wani babban kanti a Abuja na ga ƙasarsa tana ɗaukar ido kamar madubi, ba tayil ba ce, ba tarazo ba, aka ce mini kankare ne aka goge. Ɗana ya duba intanet ya ce a Amurka ana yin sa dala 3 zuwa 12 kowace ƙafa murabba'i. Maginina kuma ya ce ai siminti ne kawai, ya fi tayil araha nesa ba kusa ba. Wa zan bi a cikinsu, kuma nawa zan tanada?

Daga wani magidanci, Unguwar Rimi

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa a shiga lafiya. Tun da ka ce ba a zuba daɓen ba, ka zo a kan gaɓa, domin yawancin masu yi mini wannan tambaya sai an gama jaman fulo, wato daɓen kankaren da ake ɗora tayil a kai, an shekara suke zuwa, a lokacin kuwa ba ni da abin ce musu sai "a sa tayil".

Bari mu fara sallamar ɗanka. Mita murabba'i ɗaya ta haura ƙafa murabba'i 10 da rabi kaɗan, wato dala 3 ɗin nan ta zama kimanin dala 32 a kowace mita, dala 12 kuma ta kusa 130. Ka ninka da farashin dala na yau, ka ga ko za ka iya barci. Amma kar ka tsorata, kuma kar ka ɗora lissafinka a kai. Wancan kuɗin leburan Amurka ne da injinsu, sannan kuɗin gugar kawai ne a kan kankaren da tuni yana ƙasa, wanda mota ta kawo a kwaɓe daga kamfani. Mu nan kwaɓin shebur ne da kwanon sarki, kuma a nan maganar take.

Maginin naka kuma ina zargin wani abu daban yake nufi. Shi abin da ya sani shi ne daɓen siminti na gargajiya, a yayyafa garin siminti a kan ɗanyen daɓe a lailaye da cokalin gini har ya yi santsi, wani lokaci a sa jar kala. Wannan yana da araha ƙwarai, iyayenmu a kansa suka rayu. Amma fatar sama ce kawai, ba ta kai kaurin farce biyu ba, shi ya sa bayan 'yan shekaru take ɓarewa a bakin ƙofa da ƙarƙashin kujera. Abin da ka gani a Abuja ba shafe ba ne. Jikin kankaren ne da kansa aka ci da inji mai haƙoran daimon, ana sauya haƙoran daga masu kaushi zuwa masu laushi. Ana farawa da lamba 30 ko 40, a bi ta 80 da 150, sannan a koma masu laushi su 200, 400, 800, wanda yake son madubi sosai a kai shi 1500 har 3000. A tsakiyar aikin ana zuba wani ruwan silikat da ke shiga cikin kankaren ya haɗu da sinadarin da siminti ya bari, ya toshe ƙananan ƙofofi ya ƙara wa saman tauri. Kowace lamba zagaye guda ce a kan falon gaba ɗaya. Kuɗin yana hawa ne da yawan zagayen.

Yanzu ga lissafin da zan iya tsaya maka a kai. Ba zan rubuta maka naira ba, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin kayan gini ya daina zama wuri ɗaya. Kowa ya tuna farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da dama har sai da gwamnati ta zauna da masu kamfanonin. Abin da na rubuta yau kafin mujallar ta iso hannunka ya zama tarihi. Ni da buhu nake lissafi, buhu ba ya ƙarya.

Mu ɗauki falonka mita 6 ne da mita 5, wato mita murabba'i 30. Kankare mai kaurin inci 4 a wannan fili zai ci kubik mita 3. Idan aka yi kwaɓin ɗaya-biyu-huɗu, wato buhu ɗaya na kilo 50, wanda yake daidai da kwanon sarki 2, da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na dutse, kowane kubik yana cin buhu 6 da ɗan ɗori, ka tanadi buhu 19 ke nan. Jaman fulon da aka saba yi don a ɗora tayil a kai ɗaya-uku-shida ne, buhu 13 ya isa, kuma tsakani da Allah da yawa ba sa ma kaiwa haka idan mai gida ya juya baya. To wannan kwaɓin na biyu ba ya goguwa. Ko na farkon ma shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi, in so samu ne a kai buhu 8 a kowane kubik, falon ya ci 24. Ka sayi siminti mai lamba 42.5, an rubuta a jikin buhun, ko na Dangote ne ko BUA ko Ashaka. Dutsen ya zama fasasshen dutse mai tsabta daga kwari, wato wurin fasa dutse, ba tsakuwar da aka tsinto da laka a jikinta ba, domin idan aka ci saman, dutsen nan shi ne adon da za ka riƙa gani kullum. Yashi kuma mai kaifi, na kogi, wanda in ka damƙa a hannu ba ya barin jar ƙasa a tafinka.

Akwai ƙananan abubuwan da ba sa shiga takardar magini amma sai sun fito daga aljihunka. Cikon ƙasa sai an daddaɓe shi da inji, ba a bar wa ruwan sama ba. Sai an shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba, in ba haka ba danshin damina zai riƙa tasowa ya bar farin gishiri a fuskar daɓen. Ragar ƙarfe a ciki. Hayar injin girgiza kankare don kar a bar ramukan iska. Sannan a yanka layuka a daɓen cikin kwana ɗaya bayan zubi, kamar kowace mita 3, domin kankare sai ya tsage, dabarar kawai ita ce ka nuna masa inda zai tsage. Sai ban ruwa na aƙalla mako guda, sannan a ba shi kwana 28 kafin inji ya taɓa shi. Idan aikin ya faɗo cikin hunturu, Disamba ko Janairu, iskar nan tana tsotse ruwan saman kafin la'asar, sai ka wayi gari ka ga tsaga kamar zanen gizo-gizo. A rufe shi da leda ko jiƙaƙƙun buhuna tun ranar farko.

Na taɓa shan kunya a kan wannan, shi ya sa nake nanatawa. Wani bawan Allah ya kira ni wani shago da ya gina a wajen Kakuri, an riga an yi daɓen, a ido lafiya lau. Ban gwada ba, na ce za a iya. Muka ɗauko inji da mai tuƙa shi, muka ɗauki hayar janareto. Zagayen farko kawai, sai ga duwatsu suna tsalle suna fita daga mazauninsu, yashi na bin ƙafarmu kamar a bakin kogi. Wanda ya zuba daɓen ya ci simintin. Kuɗin mota da na dizal da na kwana biyun ma'aikata duk suka bi ruwa, ƙarshe tayil aka sa, rabin asarar kuma ni na ɗauka tun da ni na ce a yi. Tun daga ranar nake yawo da ƙusa 'yar inci 4 a aljihu. In na karta daɓe da ƙarfi ya yi gari, ba na ƙara magana.

Ɓangaren gugar shi ne ba ya ragi. Injin kirki nauyinsa ɗaruruwan kilo ne, yawancinsu wuta mai layi uku suke so, wadda gidan zama bai cika samu ba, don haka janareto babba da dizal suna kanka. Masu injin ba su da yawa a garin nan, ni dai sau da yawa daga Abuja nake kiran su, kuma kuɗin ɗauko shi da mayarwa ɗaya ne, ko mita 30 zai goge ko 300. Haƙoran daimon da ruwan silikat daga waje ake shigo da su, suna bin dala. Sannan babban inji ba ya shiga lungu, duk gefen bango da kusurwa da bakin ƙofa sai an bi da ƙaramin injin hannu a durƙushe. Gida mai ɗaki uku da banɗakuna da koridoji kusan duk gefe ne. Wannan ne ya sa kantin da ka gani ya ci riba, fili ne fetal, inji na tafiya ba tsayawa.

Ka kwatanta da tayil. Mai 60 da 60, kwali yana ɗauke da guda 4, mita 1.44, falon nan naka kwali 21 ne, ka ƙara 2 saboda yanka da fashewa. Ka shiga kasuwa ka tambayi farashin kwali, ka ɗora kuɗin mai sakawa da simintin ɗauri, cikin yini ɗaya ka san inda ka tsaya. A gidan zama irin naka, a abin da na gani, goggen kankare bai cika zuwa ƙasa da tayil mai matsakaicin kuɗi ba, sau da yawa ma yana ɗara shi. Wanda ya ce maka araha ce ta sa za ka yi, bai yi maka adalci ba. Ribarsa a gaba take: ba ya ɗagowa, ba ya yin ƙwanƙwasar nan ta tayil da ta rabu da ƙasa, ba layukan da datti ke maƙalewa, kuma in ya dushe bayan shekaru, zagaye biyu na laushi sun dawo da shi.

Da gidana ne, falo da koridon da ya haɗe da shi zan yi, a zuba su rana ɗaya, ɗakuna da banɗaki a sa tayil. Kuma duk wanda zai karɓi aikin, ya rubuta maka lambar da zai tsaya a kai, 400 ko 800 ko 1500, da ko kuɗin ya haɗa da silikat da dizal da gefen bango. Ya kai ka ka ga aikin da ya yi wanda ya shekara, ba hoton waya ba.

Tambaya:

Malam, gidanmu na gado ne a Tudun Wada, falon tarazo ne tun zamanin mahaifinmu, ya yi baƙi ya dushe. 'Yan'uwana sun ce a fasa a yi irin wannan sabon kankaren. Me ka gani?

Daga wata uwargida, Tudun Wada

Amsa:

Hajiya, don Allah ki hana su. Abin da suke nema yana ƙarƙashin ƙafarsu. Tarazo ɗan'uwan goggen kankare ne, siminti ne da tsakuwar marmara, kuma na da ɗin nan da ake gani a tsofaffin ma'aikatu da makarantun Kaduna an yi shi ne lokacin da ba a ƙyashin siminti. Baƙin da kike gani dattin shekaru ne da tsohon man goge ƙasa, a sama kawai yake. A cike ramukan da suka fashe, a bi da inji zagaye kaɗan, za ki ga launin da mahaifinku ya zaɓa ya fito. Masu wankin tarazo kuwa akwai su a gari, injinsu ƙarami ne, ba sai an je Abuja ba. Kuɗin fasawa da kwashe ɓaraguzai kaɗai zai iya biyan wannan aikin. Sai dai ki ce musu da ruwa za su goge. Ƙurar siminti da dutse tana zama a huhu ba ta fita, kuma na san a irin gidajen nan ba a rasa tsofaffi da jikoki.

Tambaya:

Mu kwamitin wani masallacin unguwa ne, muna faɗaɗa haraba. Shin goggen kankaren nan ba ya santsi in an shigo da ruwan alwala a ƙafa? Kuma da me ake wanke shi?

Daga sakataren kwamiti, Rigasa

Amsa:

Allah ya saka muku da alheri. Haraba ita ce irin wurin da wannan daɓe ya fi dacewa, fili ne babba, kuɗin kowace mita zai sauko. A bushe ba ya santsi kamar yadda ido ke zato, amma da ruwa a kai yana yi, musamman wanda aka kai 1500 zuwa sama. Ku tsaya a 400, yana da ɗan haske kuma ƙafa tana kama shi. Wurin alwala da taku kaɗan bayansa kar a goge sam, a bar shi da kaushi. Ku kuma sa kuɗin shimfiɗa a lissafi, domin da asubar hunturu sanyinsa yana ratsa gwiwa, dattawan sahun gaba za su fara ƙorafi tun makon farko.

Wanki kuwa tsintsiya mai laushi da ruwa da ɗan sabulu marar ƙarfi sun isa. Abin da za ku ja wa ladan da yaran da ke share-share kunne a kai shi ne ruwan asid ɗin nan da ake wanke sabon tayil da masai da shi. Yana cin siminti, inda ya ɗiga sai ya bar tabo fari wanda sai inji ya dawo. Ko zoɓo da lemon tsami da kunun tsamiya na buɗa-baki in suka zube aka bari suka kwana, za ku ga shatinsu, manja kuma shiga ciki yake yi. A ajiye tsumma da bokiti kusa da inda ake raba abincin azumi.