Girkin lokacin kaka: abin da ya fara shigowa kasuwa shi za ki fara sakawa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na saurari saƙonki. Kin ce kina son tsara girke-girken da za ki riƙa fitar wa mata duk mako daga Satumba zuwa Nuwamba, har kin turo hotunan Turawan nan, su kek ɗin kabewa da tuffa da kirfa. To bari na ba ki amsa da murya, rubutu zai yi tsawo.

Masu hotunan nan gonarsu suke bi. A Amurka lokacin ne kabewa da tuffa suke cika kasuwa, har su kai bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba. Mu tuffa shigo mana da ita ake yi, ga tsada, babu matar da za ta saye ta don gwajin girki. Ke ma ki bi gonarmu, abin da ya fara zuwa kuma yake saurin wucewa shi ne a gaba.

A Satumba ganye yana nan birjik, rama, yakuwa, zogale, ga ɗanyar kuɓewa. Ki fara da kwaɗon rama da ƙuli, dambu da zogale, faten tsaki da yakuwa. Ga dafaffiyar gyaɗa da gurjiya da gasasshiyar masara. Ki sako tumu ma don Allah, yaran birni na yanzu da yawa ba su san ana gasa zangarniyar sabon gero a murtsuke a ci ba. Abin da zan ja kunnenki a kai, kada ki cika jerin da miyar dage-dage. Tumatir yana wuya a lokacin, sai na noman rani irin na Kadawa ya shigo wajen Disamba ko Janairu yake sauka.

Oktoba kuma ta kabewa ce, kuma ni a wurina miyar taushe ta isa ta riƙe miki watan. Amma ki yi musu bayaninta yadda ya kamata, ba a ce a zuba kaza a zuba kaza ba. A fara dafa nama mai ƙashi da daddawa da albasa, a sa kabewa ta nuna luguf a farfasa ta a ciki. Gyaɗar a soya ta sama-sama, a murje ɓawon, a daka, ita ce ke ba miyar kauri. Alayyahu da yakuwa su ne na ƙarshe, kuma yakuwar kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa, don in tsaminta ya yi yawa ya kashe zaƙin kabewar. Kin ga wannan makon ki haɗa ta da waina, na gaba sinasir, sai funkaso, sai tuwon shinkafa. Miya ɗaya, amma kowane mako akwai sabon abin koyo. In kina son canji ki sa faten dankali a tsakani.

Nuwamba ga sabon wake, ga dawa da shinkafa suna shigowa. Alala, ƙosai, ɗanwake, faten wake. Ki gaya musu sabon wake ba ya daɗewa a wuta, ba ya ma buƙatar kanwa, kada su yi masa dahuwar tsoho ya narke. Sanyin hunturu ya fara a lokacin, sai ki kawo kunun gyaɗa, farfesu, da zoɓo mai citta da kanumfari.

Sannan ki ware mako guda na ajiya kawai, ba girki. Lokacin da sabon hatsi ya shiga kasuwar Dawanau ta Kano ne farashi yake yin ƙasa, mai hali sai ta saya ta adana. Ki nuna musu yanka kuɓewa a shanya, da shanyar yakuwa da tattasai. Wake a bar shi ya bushe sosai a ɗura a jarka a toshe bakin kada iska ta shiga, ba sai an sa masa maganin ƙwari ba. Gyaɗa ma ta bushe ƙarau kafin a ƙulle ta, don in ta yi fumfuna gubarta hanta take taɓawa.

Wajen awo ki yi da gwangwani da kofi da ludayi, 'yan kaɗan ne ke da sikeli a kicin. Kuma damina ba ta ɗaukewa rana ɗaya a ko'ina, 'yar Jos da 'yar Maraɗi ba lokaci guda kaya ke iso musu ba. Saboda haka ki bar jerin a buɗe, duk Juma'a ki leƙa kasuwa ko ki tambayi 'yan ƙungiya me ya shigo a wajensu, kafin ki tsayar da na mako mai zuwa. Ki turo min na makonni biyun farko na duba miki awon kafin ki saki.