Tambayoyinku kan Fasaha: Wakilin AI rubutu yake karantawa, ba ado ba

Tambaya: Malam, muna da ƙaramin kamfani a Kano, muna saka wa makarantu intanet bisa kwantiragi, kowace da kuɗinta da ranar biyanta. Muna so mu miƙa wa wakilin AI, wato manhajar da ke aiwatar da aiki da kanta, aikin fitar da takardar neman biya da cajin kwastomomi. Manhajojin karɓar kuɗi biyu muke dubawa, ɗaya shafin bayaninta ya haɗu, ga bidiyo ga hotuna. Ita za mu ɗauka?

Amsa: Alhaji, a yi hattara da kyan ɗan maciji. Wakilin da kake shirin damƙa wa asusu rubutu yake bi, kuma duk inda rubutun ya bar giɓi ba zai kira ka a waya ba. Zato zai yi ya cike gurbin, da kuɗin jama'a.

Ni dai abin da nake fara lalubowa a kowace takardar bayani shi ne ma'aunin kuɗi. Cikin manhajojin karɓar kuɗi, Paystack da kwabo take lissafi, idan ka tura mata 5000, naira 50 ka caja. Flutterwave kuwa da naira take karɓa. To ka ɗauka wakilinka ya saba da ta farko, ya tura wa ta biyu 500000 da nufin naira dubu biyar. Shugabar makaranta ta wayi gari da alat na rabin miliyan, kai kuma ka wayi gari da ita a ƙofar ofis. Stripe ma da santi (cent) take ƙirga dala, amma sefa da yen ba su da ƙaramin ma'auni a wurinta, don haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su lura. Idan ba a rubuta wannan ɓaro-ɓaro a gefen inda ake saka adadi ba, sai an tono shi a wani shafi can, takardar ta faɗi jarrabawa.

Sai maganar da ta fi ci min tuwo a ƙwarya. Wakili ya tura umarnin caji, netwok ya ɗauke kafin amsa ta dawo. Me zai yi? Zai sake turawa, halinsu ke nan, ba sa gajiya. An caji mutum sau biyu ke nan, sai fa in manhajar tana da hanyar gane cewa umarni ɗaya ne aka maimaita. Stripe tana da Idempotency-Key, wato lambar shaida da ake liƙa wa kowane umarni, don wannan, kuma ta faɗi fili cewa tana riƙe shi aƙalla awa 24. Wasu kuwa za ka karanta shafi bayan shafi na yadda komai ke tafiya lafiya, ba layi ɗaya kan ranar da abu ya ƙi. Wa ya gaya musu wakili na buƙatar taimako a ranar da komai ke daidai? Ina son ganin jerin kurakurai, kowanne da abin yi: lambar kuskure 429 na nufin ka cika gaggawa, dakata ka sake, katin da banki ya ƙi kuwa maimaitawa nan take ba za ta sa kuɗi su tsiro a ciki ba. Takardar da ta ce "an samu matsala" kawai ta yi shiru, rufe ta.

Tunda kwantiragi kuke yi, duba abin da aka ce kan makarantar da ta sauya tsari a tsakiyar wata. Stripe kan raba kuɗin bisa kwanakin da suka rage sai in ka hana ta. Wakilin da bai san haka ba zai fitar da takardar da ba ta dace da abin da kuka sa wa hannu ba.

Sauran gwaji ne. Ɗauki makullin gwaji na kowace manhaja, wato lambar sirri ta shiga wadda ba ta taɓa kuɗin gaske, ka ba wakilin takardun bayanin kaɗai, ka sa shi ya buɗe kwastoma, ya caje shi, ya mayar masa da rabin kuɗin. Wadda ya yi ta tuntuɓe a kanta, ka ga amsarka.

Tambaya: Wata manhaja na tallan cewa tana da llms.txt da MCP. Ya wadatar? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: A'a, Hajiya. Dukansu a 2024 suka fito: na farko jagora ne ga shafukan bayani, na biyu kuma hanyar haɗa wakili da kayan aiki ce da Anthropic ta fitar. Suna sauƙaƙa isa ga bayanin, ba sa gyara shi. Nemi fayil ɗin OpenAPI, wanda ke jera umarnin da manhajar ke karɓa, da tarihin sauye-sauye, ki ga yaushe aka taɓa su na ƙarshe.

Tambaya: Na liƙa makullina na sirri na asusun gaske, mai farawa da sk_live, a akwatin hira da AI don ya duba min wani kuskure. Akwai matsala?

Amsa: Sannu da ƙoƙari. Ajiye karatun nan, je ka soke shi ka fitar da sabo yanzu. In Stripe ce, wakili makulli mai iyaka ake ba shi, wanda ke farawa da rk, kuma ka kashe masa izinin mayar da kuɗi.