Tambaya da Amsa: RAM ɗin laftof a tsohuwar kwamfutar tebur

Tambaya: Ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai amfani da RAM nau'in DDR3, ga kuma RAM ɗin wani laftof da ya lalace. Zan iya saka mata shi da adafta?

Amsa: Za ka iya, Malam, amma da sharaɗin RAM ɗin laftof ɗin shi ma DDR3 ne. Adaftar siffa kawai take sauyawa, daga ƙafafu 204 na laftof zuwa 240 na tebur. Ba ta mayar da DDR2 ko DDR4 ya zama DDR3.

Cire wayar wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin don sauke lantarkin jikinka. Zura RAM ɗin a adafta a karkace, danna shi har ya kama, sannan ka kafa adaftar a raminta.

Inda aka fi samun cikas shi ne RAM ɗin 4GB mai ƙwayoyi 8 (baƙaƙen "chips" da ke jikinsa). Tsofaffin allunan kwamfuta (motherboard) da yawa ba sa karanta shi, sai mai ƙwayoyi 16, takwas kowane gefe. Alamar ita ce fanka na juyawa, fuskar kwamfuta baƙi ƙirin. Adaftar kuma tana ƙara tsayi, wani lokaci har ta tokare fankar firosesa.

Idan kwamfutar ta tashi, gwada ta da MemTest86, manhajar gwajin RAM, dare guda. Windows mai 32-bit kuwa ba zai yi amfani da 4GB cikakke ba.