Tambaya da Amsa: Ina So In Fara Buga Riguna

Tambaya: Salam Anti, na iya zane da manhajar kwamfuta ta CorelDraw, ina so in fara buga riguna amma jarina kaɗan ne, ta ina zan fara? Ƙaninki daga Nyanya.

Amsa: Wa'alaikassalam ƙanena. Don Allah kar ka sayi inji yanzu, je ka Area 10 da ke Garki, Abuja, ka zauna wajen masu bugawa ko wata 3 ne, ka ga yadda ake shafa maganin da haske ke taurarawa a ragar buga zane, a haska ta da fitila, a wanke zanen ya fito. Kowace kala da ragarta, shi ya sa mai kala huɗu ta fi tsada, to fara da kala ɗaya, rigunan makaranta da na biki. Kuma ka karɓi rabin kuɗi kafin ka taɓa fenti, wallahi na ga yaron da aka bar wa riguna jibge a ɗaki, har yau abin yana min ciwo.